Daga Kano zuwa Makka: Yada zango, sauya jirgi da neman mota

Dubban Musulmi daga Najeriya da Nijar ne ke zuwa Umra a kowace shekara, musamman a watan azumi, kuma da yawa daga cikinsu ba sa samun jirgin da zai kai su Jidda ko Madina kai tsaye.

Maniyyacin aikin Hajji da ya biya kuɗin kujera ta hannun hukumar alhazai ta jiharsa yana da masu kula da shi tun daga sansanin alhazai har zuwa masaukinsa. Mai zuwa Umra kuwa, ko wanda ya bi jirgin yawo, sau da yawa shi ne jagoran kansa.

Galibin irin waɗannan matafiya kan tashi ne daga Kano ko Abuja ko Legas ko Yamai, su yada zango a Addis Ababa idan sun bi Ethiopian Airlines, ko Alƙahira idan EgyptAir ne, ko Doha ta Qatar Airways, ko kuma Santambul ta Turkish Airlines.

Birnin Khartoum ma na cikin wuraren da ake yada zango a da, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023.

Zaman cikin jirgi ba shi ne ke wahalar da matafiyi ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne wurin sauka daga wannan jirgi a shiga wancan, da kuma wurin fitowa daga filin jirgi a nemi abin hawa. Akasarin wannan tangarɗa kuwa tun daga gida take samo asali, a ranar da aka yanki tikiti.

Tikiti ɗaya ko biyu

Tambayar farko da ya kamata matafiyi ya yi wa ejan ɗinsa ita ce ko tafiyar baki ɗayanta tana kan tikiti ɗaya ne mai lamba ɗaya, ko kuwa tikiti biyu aka haɗa masa.

A kan takarda bambancin ba ya fitowa sosai, domin duka biyun za su nuna tashi daga Kano, da sauka a wani birni, da sake tashi zuwa Jidda. To amma a aikace bambancin babba ne.

Idan tikiti ɗaya ne, kamfanin jirgin ya ɗauki alkawarin kai mutum har ƙarshen tafiyarsa. Za a auna kayansa sau ɗaya a Kano, ba zai sake ganinsu ba sai a Jidda. Idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi ya bar shi, alhakin kamfanin ne ya sa shi a jirgi na gaba ba tare da ya ƙara ko kwabo ba.

Idan kuwa tikiti biyu ne, kowane kamfani abin da ya sani shi ne nasa zangon. Dole matafiyi ya wuce ta wurin jami'an shige da fice a ƙasar da ya yada zango, ya karɓi kayansa, ya sake kai su awo. Wannan kuma na nufin shiga ƙasar ke nan, abin da mai fasfon Najeriya ba zai iya yi a Turkiyya ko Masar ba sai da biza.

Jirgin farko na makara, tikiti na biyu ya ƙone, kuma sau da yawa kamfanoni kan soke har da na dawowa idan mutum bai shiga jirgin tafiya ba.

Rangwamen da ake samu a haɗin tikiti biyu bai cika kai girman wannan kasada ba, musamman ga wanda ke tafe da iyaye tsofaffi ko ƙananan yara.

Wani abin dubawa shi ne sunan filin jirgin. Birnin Santambul na da filaye biyu: babban filin da aka mayar da zirga-zirgar fasinjojin tsohon filin birnin cikinsa a watan Afrilun 2019, mai alamar IST, da kuma Sabiha Gokcen mai alamar SAW, wanda ke can ɓangaren Asiya na birnin. Tsakaninsu tafiyar fiye da sa'a guda ce a mota, ko da babu cunkoso.

Tsawon zango

Kowane filin jirgi na da mafi ƙarancin lokacin da ake buƙata domin sauya jirgi, kuma kwamfutocin kamfanoni kan sayar da tikiti mai zangon sa'a ɗaya kacal idan ya cika wannan ƙa'ida.

Sai dai an yi wannan lissafi ne da matafiyi mai ƙarfin ƙafa, wanda ya san hanya, kuma jirginsa ya sauka a kan kari. Ba a yi shi da wanda zai yi alwala, ya rama salla, ya ɗaura ihrami, ya kuma tura keken mahaifiyarsa ba.

Zangon sa'o'i biyu da rabi zuwa huɗu ya fi dacewa da mai zuwa Umra. A manyan filaye irin na Santambul da Doha, tafiyar ƙasa daga wata ƙofa zuwa wata kan iya cin minti ashirin ko fiye.

Idan zangon ya yi tsawo, wasu kamfanoni na bayar da masauki. Ethiopian Airlines na ba da otal ga wanda zangonsa ya kama daga sa'o'i 8 zuwa 24 idan babu jirgin da ya fi kusa, Turkish Airlines kuma na yin haka ga masu ƙaramar kujera idan jiran ya kai sa'o'i 12. Akwai sharuɗɗa, ciki har da izinin shiga ƙasar, don haka tun wurin sayen tikiti ake tabbatar da wannan, ba bayan an sauka ba.

Birnin Addis Ababa na bisa tudu ne mai tsawon sama da mita 2,300, kuma dare da asubahinsa na da sanyi. Wanda ya baro zafin Kano a watan Afrilu da 'yar shara kawai zai ji a jikinsa.

Masu buƙatar keken marasa lafiya su nema ta hannun kamfanin aƙalla sa'o'i 48 kafin tafiya. Kyauta ne, kuma ma'aikacin da ke tura keken ya san gajeriyar hanya zuwa ƙofa.

Agogo

Duk lokacin da aka rubuta a kan tikiti, agogon garin da jirgin zai tashi ko zai sauka ne.

Saudiyya da Habasha da Turkiyya da Qatar duk suna gaban Najeriya da Nijar da sa'o'i biyu. Masar na gaba da sa'a ɗaya a lokacin hunturu, amma tun shekarar 2023 ta koma ƙara sa'a guda daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, inda tazarar ke zama biyu.

Wanda bai gyara agogon hannunsa ba zai iya zama cikin natsuwa yana shan shayi a Doha, alhali jirginsa ya riga ya kama hanya.

A Habasha ma akwai wani ƙarin ruɗani. Mutanen ƙasar na fara ƙirga sa'o'in yini ne daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Filin jirgi ba ya amfani da wannan lissafi, amma direba ko ma'aikacin otal na iya yin hakan, don haka yana da kyau a rubuta lokacin ɗauka a takarda.

Haka kuma jirgin da aka ce zai tashi ƙarfe 00:30 na ranar Laraba, a daren Talata ake zuwa filin jirgi dominsa. Mutane da dama sun yi asarar tikiti a kan wannan.

A kan katin shiga jirgi akwai lokaci biyu, na fara shiga da na tashi. Ana rufe ƙofa ne kimanin minti 15 zuwa 20 kafin tashi, kuma lambar ƙofar kan sauya, saboda haka allon sanarwa ya fi katin zama abin dogaro.

Kaya da lambar da ke jikinsu

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane haɗari a tafiyar, kuma a gida yake, ba a ƙasar waje ba.

A watan Disamban 2018 hukumomin Saudiyya sun kama wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta je Umra tare da danginta, bayan da aka samu ƙwayar tramadol a cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin saman Malam Aminu Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Sai a ƙarshen watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan sa bakin gwamnatin Najeriya.

A shekarar 2025 ma an sake tsare wasu masu Umra uku da suka tashi daga Kano bisa irin wannan dalili, kafin daga baya a sallame su.

Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya na iya kaiwa ga kisa.

Kariyar da matafiyi ke da ita 'yar ƙaramar takarda ce da ake manna masa a bayan katin shiga jirgi ko a bangon fasfo bayan an auna kaya. Kowace jaka na da tata takardar mai lamba. Wanda ya ba da jaka biyu ya tabbata takarda biyu aka ba shi, ya kuma tambayi ma'aikacin jaka nawa kwamfuta ta nuna da sunansa.

Ya kamata ya tsaya da kansa a wurin awo maimakon miƙa fasfo ga wani ya yi masa, ya ɗauki hoton jakunkunan da lambobinsu da wayarsa, ya kuma duba cewa an rubuta JED idan Jidda za shi, ko MED idan Madina ce.

Batun saƙo kuma ya fi wuya, domin al'ada ba ta saba da a ce wa maƙwabci a'a ba. Amma doka ba ta san mai saƙo ba, wanda kayan ke hannunsa ta sani. Duk ƙunshin da mutum bai kwance ya gani da idonsa ba, bai kamata ya shiga jakarsa ba, ko da daga ɗan'uwa ya fito. Haka nan mai neman a ara masa ragowar kilo a layin awo.

Hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta sha gargaɗin matafiya cewa an hana shiga da goro Saudiyya. Masu shan magani kullum, kamar na hawan jini ko ciwon sukari, su riƙe shi a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, kuma a jakar hannu.

A jakar hannun ne kuma ya kamata a sa fasfo, da takardar biza, da katin rigakafin cutar shawara, da kuɗi, da cajar waya, da tufafi na sauyi ɗaya. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka ma a nan ake riƙe shi, domin an hana sa shi a kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi.

A filin da aka yada zango akan sake binciken jakar hannu. Duk wani ruwa ko turare ko man shafawa da mazubinsa ya wuce mililita 100 ana iya karɓe shi a nan.

Wanda ke ɗauke da kuɗi ko gwal da darajarsu ta kai adadin da dokar ƙasar ta ƙayyade dole ya bayyana wa kwastan na Saudiyya. Ana canjin riyal 3.75 ne a kan dala ɗaya tun shekarar 1986.

Miƙati a sararin sama

Ga wanda zai sauka a Jidda ya zarce Makka, filin da ya yada zango shi ne wuri na ƙarshe da zai iya shirin ihrami cikin sukuni.

Dalili kuwa shi ne jirgi na ƙetare miƙati ko saitinsa tun kafin ya sauka. Wanda ya taso daga Alƙahira ko Santambul zai bi ta saitin Juhfa, kusa da garin Rabig. Wanda ya taso daga Doha zai bi ta Ƙarnul Manazil, na Addis Ababa kuma ta saitin Yalamlam.

Galibin malamai na ganin Jidda ba miƙati ba ce ga mai zuwa daga waje, ko da yake akwai waɗanda suka yi rangwame a kai. A fahimtar mafi rinjaye, wanda ya wuce miƙati ba tare da ihrami ba, ko dai ya koma ya ɗauko daga can, ko kuma yanka ya hau kansa a Makka.

Abin da aka saba yi shi ne mutum ya sa tufafin ihrami a masallacin filin jirgin da ya yada zango, ya jinkirta niyya da talbiyya har sai jirgi ya kusa miƙati. Wasu kamfanoni na yin sanarwa, amma ba kowane ba, kuma sanarwar da Larabci ko Turanci take zuwa, wataƙila mutum na barci.

Tafiyar Alƙahira zuwa Jidda sa'o'i biyu ne da 'yan mintoci, ta Addis Ababa da ta Doha kuma kimanin biyu da rabi. Jirgi na rufe tazara mai yawa cikin minti guda, shi ya sa malamai da dama ke ba da shawarar a yi niyya kaɗan kafin a kai, domin kauce wa shakka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa tufafin ihrami a cikin babban akwati tun daga Kano. Akwatin na ƙarƙashin jirgi, mai shi kuma ba zai gan shi ba sai bayan an wuce miƙati.

Wanda zai fara da Madina ba shi da wannan damuwa, domin sai ranar da zai tafi Makka zai ɗauki ihrami a Zul Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, a bakin gari. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu tafiya da tsofaffi kan zaɓi sauka a Madina.

Sauka a Jidda

Filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz ba gini ɗaya ba ne. Akwai sabuwar tasha ta ɗaya da Sarki Salman ya ƙaddamar a 2019, akwai tashar Arewa, akwai kuma tashar alhazai mai rufi kamar tantuna, wadda aka buɗe a 1981.

Tashoshin na nesa da juna, ba a zuwa da ƙafa. Don haka wanda zai zo tarye na buƙatar sanin sunan tashar, ba lambar jirgi kawai ba.

Jami'an shige da fice za su ɗauki hoton yatsu da na fuska, su kuma duba nau'in biza. Fasfo dai sai wanda ke da sauran aƙalla wata shida.

A watan Nuwamban 2023 Saudiyya ta mayar da fasinjoji 177 daga cikin 264 da suka sauka a Jidda cikin wani jirgi daga Najeriya. Ofishin jakadancinta ya ce sun ba da bayanan da ba daidai ba wajen samun nau'in bizar da bai dace da su ba.

Darasin a nan shi ne matafiyi ya karanta bizarsa da kansa, ya san wace iri ejan ya samo masa. Tun watan Yunin 2025 ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya ta sharɗanta cewa ba za a ba da bizar Umra ba sai an yi rajistar masaukin da aka kama a dandalinta na Nusuk. Ke nan mai bizar Umra ta gaskiya na da kamfani a Saudiyya da ke da alhakinsa, kuma ya kamata ya san sunan kamfanin da lambar wayar wakilinsa tun kafin ya bar gida.

Idan jaka ba ta fito ba, ba a barin zauren karɓar kaya sai an je teburin kamfanin an cike takardar rahoton ɓatan kaya, an kuma karɓi lambar rahoton. A nan ne waccan 'yar takarda ta bayan fasfo ke sake yin amfani.

A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wanda jakarsa ta lalace na da kwana 7 ya kai ƙorafi a rubuce, wanda tasa ta makara kuma na da kwana 21 daga ranar da ya karɓe ta. Diyyar na da iyaka, kimanin dala dubu biyu ga kowane fasinja, komai tsadar abin da ke ciki.

Kafin a fita, yana da kyau a sayi layin waya a rumfunan kamfanonin sadarwa da ke cikin filin, a kuma canza kuɗi kaɗan. Kusan komai na gaba, daga kiran mota har izinin shiga Rauda a Madina, ta waya ake yinsa.

Daga filin jirgi zuwa Makka

Tsakanin filin jirgin Jidda da Masallacin Harami kusan kilomita 100 ne, tafiyar sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi a mota.

Hanya mafi sauƙi ita ce motar da kamfanin Umra ya tanada. Sai dai kalmar "har da mota" a bakin ejan na iya nufin ƙaramar mota ta iyali ɗaya, tana kuma iya nufin safa da za ta jira jirage biyu ko uku kafin ta cika. Tambaya ɗaya a Kano kan hana zaman sa'o'i a bakin titi cikin ihrami.

Sai jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a watan Oktoban 2018. Layin na da tsawon kimanin kilomita 450, jirgin na gudun kilomita 300 cikin sa'a, kuma yana da tashoshi biyar: Makka, da tsakiyar Jidda, da filin jirgi, da birnin kasuwanci na Sarki Abdullah kusa da Rabig, da Madina.

Tashar filin jirgin na haɗe ne da tasha ta ɗaya, kuma daga nan zuwa Makka bai kai sa'a guda ba. Wanda ya sauka a tashar Arewa ko ta alhazai sai ya fara neman motar da za ta kai shi can.

Jirgin na da sauri da tsafta, amma yana da sharaɗi kan kaya: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, mai ƙayyadadden girma, da jakar hannu. Kuma tashar Makka na unguwar Rusaifa ne, 'yan kilomitoci daga Harami, don haka sai an ƙara da tasi ko bas. Ga mutum ɗaya ko biyu masu kaya kaɗan, jirgin ya fi. Ga iyali mai akwatuna shida, mota ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa ta fi sauƙi, wani lokacin ma ta fi araha.

Ana sayen tikitin jirgin ta intanet ko a tasha, kuma kujeru kan ƙare a watan azumi. Wanda zai saya tun daga gida ya bar tazarar aƙalla sa'o'i uku bayan lokacin saukar jirgin sama, saboda layin shige da fice.

Akwai kuma tasi masu lasisi a wurin da aka keɓe musu, da motocin da ake kira ta manhajar Uber ko Careem, waɗanda ke nuna farashi tun kafin a shiga, da kuma bas-bas na haya zuwa Makka.

Waɗanda ya kamata a guje wa su ne masu tare mutane a bakin ƙofa suna tayin mota. Hukumar sufuri ta Saudiyya na cin tarar masu ɗaukar fasinja ba da lasisi ba a filayen jirage, kuma idan wani abu ya faru a hanya babu inda aka rubuta sunan direban.

Akwai Hausawa da yawa mazauna Jidda da Makka, kuma jin harshen gida bayan doguwar tafiya na sanyaya rai. Amma jin Hausa ba lasisi ba ne.

Idan ciniki za a yi da mai tasi, a gama shi kafin a sa kaya a but. A fayyace ko kuɗin na mota ne baki ɗaya ko na kujera ɗaya, kuma har ƙofar otal ne ko bakin tasha. Farashi kan ninka a goman ƙarshe na Ramadan.

Sunan otal da adireshinsa su kasance a rubuce da Larabci. Otal-otal masu suna iri ɗaya na da yawa a Makka, wani a Misfala, inda 'yan Najeriya suka fi sauka, wani a Ajyad, wani kuma can Aziziyya.

Akan kuma rufe titunan da ke kewaye da Harami gab da lokutan salla, musamman ranar Juma'a da daren azumi. Wanda ya iso a irin wannan lokaci zai iya ƙarasawa da ƙafa yana jan akwati.

Tsakanin Makka da Madina

Jirgin Haramain na cin wannan tazara cikin kimanin sa'o'i biyu da minti ashirin. A ƙaramar mota sa'o'i huɗu zuwa biyar ne, a safa kuma fiye da haka.

Titin Hijira da ya haɗa biranen biyu shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, amma doguwar hanya ce miƙaƙƙiya da ke sa direba gyangyaɗi. A watan Oktoban 2019 mutane 35 sun rasu lokacin da wata safa ta yi karo da wata babbar motar aiki a kan hanyar. Tafiyar rana da direban kamfani mai rajista ta fi tafiyar tsakar dare da wanda ya wuni yana jigila.

Mai fitowa daga Madina zuwa Makka ta jirgin ƙasa ya sani cewa jirgin ba ya tsayawa a miƙati, yana wuce saitinsa ne 'yan mintoci bayan tashi. Wasu kan fara zuwa masallacin Zul Hulaifa a tasi su ɗauki ihrami, sannan su wuce tasha.

Filin jirgin saman Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kuwa na da nisan kimanin kilomita 15 daga Masallacin Annabi, kuma tafiyar ba ta cika wuce rabin sa'a ba.

Komawa gida

Ranar komawa ce kaya ke ninka na zuwa, ga dabino, ga sallaya, ga jallabiya da sauran tsaraba. Awo a otal kafin a fito ya fi kwance akwati a tsakiyar filin jirgi.

An hana sa ruwan Zamzam a cikin akwati. Ana sayen jarka ɗaya mai lita 5, a naɗe cikin kwalinta, a wurin da aka keɓe a filin jirgi, kuma ya kamata ta samu tata lambar kamar sauran kaya, domin ita ma sai ta sauya jirgi a zango.

Tashar da aka sauka ba lallai ba ne ta zama tashar da za a tashi, don haka a tabbatar kwana guda kafin tafiya. Wanda zai tashi daga Jidda ya baro Makka aƙalla sa'o'i shida kafin lokacin jirgi, ya ƙara a kan haka idan bayan sallar Idi ne.

Saudiyya kan kuma sa ranar da dole masu bizar Umra su fice kafin aikin Hajji. A shekarar 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida, wadda ta zo daidai da 29 ga Afrilu, kuma wanda ya wuce wa'adi na fuskantar tara da kora da hana shi dawowa.

Najeriya da Nijar duk suna da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, inda wanda fasfonsa ya ɓata zai nemi takardar komawa gida. Lambar neman agajin gaggawa a yankin Makka, wanda ya haɗa da Jidda, ita ce 911.